Addu'ar bakwai ga mawaƙinmu a Garwa ta Kamaru: yaya za mu tsara ta?

Matashin Hausare:
Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun da labarin rasuwar mawaƙinmu ya iso daga Kano majalisarmu ta yi tsit, masu tura waƙa a waya ma sun kashe sifika. Ba mu samu jana'iza ba. Mu kusan 40 ne, muna son mu yi masa addu'ar bakwai a unguwa, mu kuma aika wa iyalinsa wani abu. Iyaye da yayye, ta ina za mu fara? Za mu iya yi masa salatul ga'ib, wato sallar jana'izar da ake yi wa mamacin da gawarsa ba ta wurin?

Malam na Yelwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ɗana, salatul ga'ib tana da asali, Annabi (SAW) ya yi wa Najashi sarkin Habasha. Shafi'iyya da Hambaliyya sun halatta ta, amma Malikiyya da muke bi a nan ba sa yin ta, balle an riga an sallace shi a garinsu. Kada ku matsa wa liman, gardama za ta tashi a masallaci.

Ku yi sauka. Izu 60 ne, in kun samu makaranta 30 kowa ya ɗauki izu biyu, cikin awa guda an gama. Inda ake samun matsala shi ne a raba wa wanda karatunsa bai nuna ba, jama'a su zauna jiransa har rana ta take. A ba irinsu Ƙulhuwallahu da salati. Ku fara da hantsi, wajen ƙarfe 7, kun san zafin Garwa. Waƙoƙinsa kuwa, duk son da muke masu, ba a wurin addu'a ba.

Hajiya mai abincin biki:
Allah ya ba mu haƙuri, yaran nan. In kun ce 40, ku dafa na 150, don almajirai da maƙwabta ba sa jiran gayyata. Buhun shinkafa mai kilo 25 ya isa, da mai lita 5. Dafa-duka ta fi rufin asiri, shinkafa da miya daban nama take ci. A ɗora tukunya tun asuba, kada a dafa da dare a rufe da zafinta, kafin safiya ta yi tsami. Masa kuma a jiƙa shinkafarta tun jiya da rana, a niƙa da yamma, ƙullin ya kwana ya tashi. Ruwan sha ya fi komai saurin ƙarewa, ku ninka abin da kuka ƙiyasta.

Baban Rumde Ajiya:
Ku fara gaida mai unguwa. In a zaure ko harabar masallaci za ku yi, shi ke nan. In kuwa za ku kafa rumfa a fili da lasifika, dokar taron jama'a ta 1990 ta ce a sanar da sufurefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, aƙalla cikakkun kwana uku kafin ranar, a karɓi takardar shaida. Wanda ya je ana gobe taro, ya makara.

Batun kuɗi ya fi damuna. Duk sanda sananne ya rasu, lambobin asusu sukan cika Facebook da sunan matarsa ko ƙaninsa, wasu na macuta ne. Mutum biyu su riƙe kuɗin, ɗaya lambar asusun waya ta Orange Money ko MoMo, ɗaya littafi, kowa ya ba da jaka ɗaya a rubuta sunansa. A canza sefa zuwa naira sau ɗaya, canji kaɗan-kaɗan yana cinye kuɗi. Sannan ɗayanku ya kai hannu da hannu, ya tambayi babban gidan ko akwai bashi, don shi ake fara sauke wa mamaci. Saura na marayu ne da mai takaba, wata huɗu da kwana goma tana ɗaki.

Matashin Hausare:
Mun gode, Allah ya saka da alheri. Malam, mun tsayar da Lahadi, a zauren mai unguwa. Muna neman makaranta 12 su cike mana talatin ɗin.