Riyad safe, Makka dare: ya kuke yi da salla da hanyar gida?

Abu Hafsa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya maigidana ya aike ni Riyad karɓo takardun kayan shago. Tun kafin asuba na fita daga unguwarmu ta Shari'a Mansur a Makka, na hau jirgi a Jidda, na wuni tsakanin ofis da sito, ko zama na ci abinci ban samu ba. Jirgin dawowa kuma aka jinkirta shi, muna zaune a filin jirgin Sarki Khalid, wayata ta mutu, ƙafafuna sun kumbura cikin takalmi. Da na shigo gida yara duk sun yi barci, tuwon da uwargida ta rufe min ya huce. Abin da ya fi damuna salla ce. Kuma ina hanya mafi sauƙi daga Jidda zuwa Makka?

Malam na Misfala:
Wa alaikumus salam. Sannu da hanya, ɗana. Tafiyarka ta wuce tazarar ƙasaru nesa ba kusa ba. Ka haɗa azahar da la'asar, raka'a biyu-biyu. Amma in ka iso gida ba ka yi isha'i ba, huɗu za ka yi, matafiyanci ya ƙare.

Ummu Sadik:
Yaya, jirgin ƙasa na Haramain, wanda aka buɗe a 2018, yana da tasha a filin jirgin Jidda, ya sauke ka tashar Rusaifa a Makka. Ka sayi tikiti tun kana Riyad, don in dare ya yi nisa sai tasi.

Abu Hafsa:
Allah ya saka da alheri. Malam, magariba fa, in ta same ni cikin jirgi?

Malam na Misfala:
Jinkirta ta, ka haɗa da isha'i in ka sauka.