Kiɗan haya ko a buga mini nawa? Ina neman shawara

Auwalu Edita: Assalamu alaikum. Wata ƙungiya ta ba ni aikin bidiyo na minti 12 a kan marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. A tasharsu ta YouTube za a ɗora, ba tawa ba, kuma za su haska shi a wani taro a Abuja. Dubu 60 ta rage mini ta sauti. In biya Epidemic Sound ko Artlist in ɗauki kiɗa mai lasisi, ko in sa a buga mini sabo da kalangu da sarewa? Mako mai zuwa zan miƙa aikin.

Ɗan Fagge: Wa'alaikumus salam. Shiga YouTube Audio Library ka kwasa kyauta. Duk barkwancina da shi nake yi, ban taɓa biyan sisi ba.

Auwalu Edita: Na duba, yawanci piyano ne da jita. Dattijo na tsoma yadi a cikin baba, ka sa masa piyano?

Maman Ilham: Ni Epidemic nake amfani da shi a tashar girkina. Amma ka lura, ƙaramin tsarinsu na tasharka ne kawai. Aikin da za ka miƙa wa wani sai ka sayi tsarin kasuwanci, ya fi tsada, kuma da dala ake biya.

Malam Sabo Kyamara: Auwalu, ƙanena, ji nawa kafin ka taka situdiyo. Na yi wani aiki a kan masu saƙa, na ce ba ni son kiɗan Turawa. Na je wajen wani mai kiɗa a titin Gidan Zoo, na biya shi dubu 80, ya buga mini mai daɗi, ba ƙarya. Ba mu rubuta komai ba, tunda tare muke sallah a masallaci ɗaya. Bayan 'yan watanni sai ga sanarwa wai kiɗan na wani mawaƙi ne. Ashe ya sayar wa yaron kiɗan nan dai, yaron ya ɗora murya, kamfanin da ke rarraba masa waƙa ya yi rajistarsa a Content ID, wato tsarin da YouTube ke gane kiɗan da ke da mai shi. Kuɗin tallan bidiyona ya koma can. Na kira mai kiɗan, ya ce wai aiki na biya, ban sayi kiɗa ba. Masu aikin suka ɗauka ni na yi sata. Har yau ba su sake kirana ba. Na bar shi da Allah.

Ɗan Fagge: Innalillahi! Dubu 80? Malam, an yanke ka. Dubu 15 ake buga kiɗa a unguwarmu.

Oga Nura Situdiyo: Na dubu 15 ai a kwamfuta aka haɗa shi, kuma mutum goma aka sayar wa. In makaɗi na gaske kake so ya zo da kalangunsa, ga mai sarewa, ga man janareta, ƙasa da dubu 150 ba zan taɓa ba.

Maman Ilham: Ƙanin mijina ya ɗauko mai gurmi a kan dubu 25 har da kuɗin mota.

Barista: Malam Sabo, Allah Ya mayar da alheri, amma ta fuskar doka mai kiɗan yana da abin kamawa. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, kiɗa na wanda ya ƙirƙira ne sai in an yi yarjejeniya, kuma sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Sannan abin da ya same ka iƙirarin mallaka ne, ba gargaɗin YouTube ba. Gargaɗi uku cikin kwana 90 ne ke rufe tasha. Da ka ƙalubalanta, kwana 30 masu iƙirarin suke da shi su amsa.

Malam Sabo Kyamara: In ƙalubalanta da wace takarda? Barista, ka taɓa riƙe kyamara kuwa?

Oga Nura Situdiyo: Gaya masa dai. Masu girki da lauyoyi ne za su koya mana sana'a?

Maman Ilham: Oga Nura, mai girkin nan ba a taɓa kama mata bidiyo ba. Kai kuwa kasuwa kake nema a nan, kowa ya gani.

Ɗan Fagge: Auwalu, ba ni dubu 5 in zo in yi maka fito da baki. Nawa ba ya cikin Content ID.

Auwalu Edita: Don Allah jama'a, maganar haskawa a taron fa? Lasisin ya haɗa da ita?

Malam Sabo Kyamara: Tsaya tukuna, ƙungiyar ta biya ka duka?

Auwalu Edita: Rabi suka bayar.

Oga Nura Situdiyo: To kar ka miƙa sai da tambarinka a tsakiyar hoton. Ni wani ɗan takara tun zaɓen 2023 yake riƙe mini cikon kuɗin waƙa. Kullum yaronsa sai ya ce Alhaji yana ganawa.

Maman Ilham: Naka ma ɗan siyasa ne. Ni mai sayar da kayan ƙamshi na yi wa talla, ta biya ni da kwalbar yaji biyu.

Ɗan Fagge: Hajiya, yajin na daddawa ne ko na tafarnuwa?