Saura wata biyu in gama bautar ƙasa, barci ya ƙaurace min

Admin don Allah a ɓoye sunana.

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 27, tattalin arziki na karanta, yajin aikin 2022 ya ci mana wata takwas shi ya sa sai yanzu nake bautar ƙasa. Wani kamfanin rarraba kaya aka tura ni a Kaduna, satin da ya wuce oga ya kira ni ya ce zai riƙe ni, gwajin wata uku a kan dubu 80 a wata. Wallahi tun ranar gabana ke faɗuwa, don duk shekarar nan aike nake yi da jera fayil, yanzu kuma lissafin kayan sito za a ɗora min a kwamfuta, ni kuwa Excel, manhajar lissafin, buɗe shi kawai na iya, a makaranta hadda muka yi muka wuce. Ga Baba kullum maganarsa aikin gwamnati, gonarsa ya jinginar ya biya min rajista, ni ne babba ƙanne shida a bayana. Sai in kai ƙarfe uku idona biyu. In karɓa ko in koma gida in jira?

Wata yaya mai aikin ɗaukar ma'aikata:
Ƙanena karɓi abinka. Mutumin nan wata goma yana kallonka, ya san abin da ka iya da wanda ba ka iya ba, da ƙwararre yake nema da ya buga talla, amanarka ya gani da zuwa a kan lokaci. Aikin sito ba ya cin Excel mai zurfi, haɗa jimla ne da tace layuka da nemo kaya ta lambarsu, in ka zauna awa ɗaya kullum da bidiyon YouTube kafin ku gama bautar ƙasa ka kama. Ka roƙi wanda ke kan kujerar yanzu ka riƙa zama gefensa da ɗan littafi, duk abin da ya nuna maka ka rubuta don kar ka maimaita tambaya ɗaya sau uku, wannan ne ke ƙona wa manya rai, ba tambayar kanta ba. Kuma in ka yi kuskure a lissafi ka faɗa da kanka ran nan, wanda ya ɓoye har aka gano shi ake kora. Sannan lallai a ba ka takarda a rubuce, albashi nawa, lokacin tashi, me zai biyo bayan wata ukun.

Wani ɗan uwa daga Kawo:
Ni fa ban ce kar ka karɓa ba amma yi lissafi tukuna. Alawus ɗinku yanzu dubu 77 ne, kenan dubu uku kacal aka ƙara maka, kuma in a masaukin 'yan bautar ƙasa kake za ka tashi ka kama haya, ga kuɗin mota ga ci. Ka tambaye shi cikin ladabi ko akwai kuɗin mota ko ɗaki a harabar kamfanin, ba rashin kunya ba ne.

Wani dattijo ɗan fansho:
Ɗana, shekara 35 na yi a aikin gwamnati. Ba na kushe shi, amma ba a jiransa a zaune, gurbi kaɗan ne masu nema kuwa ba iyaka, mafi ƙarancin albashin ma dubu 70 ne tun 2024. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kana aikin kana cike fom in an buɗe, babu mai hana ka. Mahaifinka kuma kar ka gaya masa ta waya, ka je gida ka durƙusa ka yi masa bayani, in da kawu ko aminin da yake jin maganarsa ku je tare. Fargabarsa kar ka wulaƙanta ne, in ya ga ka fara rage kuɗin jinginar nan ko da kaɗan kaɗan ne zai sa maka albarka.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Kowa na maganar aiki, ni barcin ne ya dame ni. Ka bar shayi da kofi daga la'asar, ka ajiye waya bayan isha'i, abin da ke cin ranka ka rubuta shi a takarda kafin ka kwanta, ka yi addu'o'inka. In ya haura sati biyu haka ko abinci ya daina shiga ka ga likita, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, masu damuwa irin taka ma suna zuwa. Don Allah kar ka sayi maganin barci a kemis da kanka.

Mai tambaya:
Na gode Allah ya saka da alheri. Yaya, yau na yi wa mai kula da siton magana ya ce in riƙa zuwa ƙarfe bakwai da rabi kafin motoci su fara lodi. Baba ranar Juma'a zan tafi gida in sha Allah, ƙanin mahaifina ya yarda zai raka ni. Maganar ɗaki ce ban san yadda zan fara ta da oga ba, kafin a ba ni takardar zan yi ko bayan?