Me ya sa jiki ke ci gaba da firgita bayan hatsari ya wuce?

Ummu Safiyya:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masana ƙwaƙwalwa ce. Mutum ya tsira daga hatsarin mota ko hari, an kwashe watanni, ya san sarai babu abin da zai same shi yanzu, amma da ya ji ƙarar birki sai gabansa ya faɗi, gumi ya karyo masa, da dare kuma mafarkin abin. Me ke faruwa a ƙwaƙwalwarsa? Hoton MRI, wato na na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, zai nuna? Kuma da gaske ne ta lalace ke nan har abada?

Likita Kabir:
Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika zayyana ya yi kama da PTSD, ciwon firgici da ke biyo bayan tashin hankali. Sassa uku ne bincike ya fi nunawa. Amigdala, ɗan ƙaramin sashe can ciki daura da kunne, ita ke ƙulla ƙara ko wari da haɗari, kuma tana tayar da jiki kafin tunani ya iso: sinadarin adirenalin mai zaburar da jiki ya fita, zuciya ta hau bugu. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, bayan goshi, shi ne linzaminta. Na uku, hifokamfus, shi ke riƙe wuri da lokaci, ya bambanta "can, a da" da "nan, yanzu".

Da ɓeraye aka fara gano wannan, musamman a aikin masanin ƙwaƙwalwa Joseph LeDoux. A kunna wata ƙara, a bi ta da ɗan jan lantarki a ƙafa. Ba a jimawa ƙarar kaɗai ke sa ɓera ya ƙame. Idan aka yi ta kunna ƙarar ba lantarki, zai daina ƙamewa. Sai dai tsoron farko bai goge ba. Mark Bouton ya nuna yana dawowa idan aka sauya keji ko aka bar lokaci ya ja. Wato sabon darasi ne na "yanzu lafiya" ya hau kan tsohon ya danne shi.

A nan matsalar take. A 2009 Mohammed Milad da abokan aikinsa suka gwada mutane na kwana biyu. Ranar farko an haɗa musu wata alama da jan lantarki, daga baya masu PTSD suka koyi cewa alamar ta daina zuwa da lantarki. Washegari gumin tafin hannunsu, wanda da shi ake auna tsoron, ya dawo, sashen goshi da hifokamfus kuma ba su tashi aiki yadda ya kamata ba. Sun koyi darasin, tuno shi ne ya gagara.

Malam Sani:
Kan batun hoto, Malama, MRI ba ya tabbatar da PTSD a kan mutum ɗaya. A 1995 Douglas Bremner ya samu hifokamfus na dama ya ƙanƙance da kusan kashi 8 cikin 100 a tsoffin sojojin Amurka masu ciwon da suka yi yaƙin Biyetnam, amma matsakaicin rukuni ne. Masu lafiya da yawa nasu bai fi haka girma ba. A 2002 kuma Mark Gilbertson ya auna tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya ya je yaƙi ɗaya bai je ba. Inda sojan ke da ciwo mai tsanani, ɗan'uwansa da bai je ba shi ma nasa ƙarami ne. Ke nan ƙanƙancin na iya zama ya riga tashin hankalin. Shi ya sa ba na son a riƙa ce wa majiyyaci ƙwaƙwalwarsa ta lalace. Bincike bai kai nan ba, kuma maganar na karya masa gwiwa.

Da tambayoyi ake ganewa. Dole alamomi su wuce wata ɗaya kuma su dami mutum ƙwarai ko su hana shi harkokinsa. Takardar tantancewa ta PCL-5 tana da tambaya 20, maki 0 zuwa 80. Daga 31 zuwa 33 ake zargi, sai ƙwararre ya tabbatar. Hoto na wanda ya bugu a ka ne, ko aka ga farfaɗiya.

Malama Rabi:
Bayanin Likita shi ne tushen magani. Tunda sabon darasi ake nema, gudun abin tsoro ne ke ciyar da ciwon: wanda ya daina shiga mota bai bai wa ƙwaƙwalwarsa damar koyon komai ba. A tsarin masaniyar halayyar ɗan Adam Edna Foa, na tunkarar abin tsoro sannu a hankali, ana zama 8 zuwa 15, kowane kusan minti 90. A jera abubuwan da ake gudu, a ba kowane maki daga 0 zuwa 100, a fara da na tsakiya, misali zama cikin mota a tsaye, a daure minti 30 zuwa 45 ko har tsoron ya ragu da rabi. A ɗakin magani majiyyaci yana ba da labarin abin da ya faru da bakinsa, a naɗa, ya saurara a gida kullum.

Inda ake samun tangarɗa shi ne tashi daidai lokacin da tsoro ya kai ƙololuwa, don ƙwaƙwalwa za ta ɗauka gudun ne ya cece ta. Haka yin atisayen a wuri ɗaya tak, saboda abin da Bouton ya gano. A sauya mota, hanya da lokaci. Sai diyazefam da danginsa: suna kwantar da jiki na sa'o'i, ba sa warkar da ciwon, ga kuma sabo. Idan ana buƙatar ƙwaya, satralin da faroksetin ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su. Satralin ana farawa da miligiram 25 na mako ɗaya, sannan 50, iyakarsa 200, a ƙarƙashin kulawar likita. Sai an yi mako 8 zuwa 12 ake yanke hukunci a kansa, kuma ba a daina shansa farat ɗaya.

Ummu Safiyya:
Na gode ƙwarai. To in abin bai daɗe da faruwa ba, a zaunar da mutum ya amayar da komai?

Malama Rabi:
A'a, 'yar'uwa. An gwada zama ɗaya na tilasta ba da labari a kwanakin farko, bai hana ciwon ba, wasu ma ya ƙara musu. Yawancin mutane suna farfaɗowa da kansu. A tabbatar yana cikin aminci, yana samun barci, da nasa a kusa, in ya so magana a saurare shi. A sake duba shi bayan wata ɗaya. In ya fara zancen kashe kansa, ko ya kasa ci da barci, a kai shi asibiti a ranar.