Ina iyakar ikon hukuma a kan kayan ɗan kasuwa?

Mai Wake, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina da wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga ya fi kyau in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani da shekaru, maimakon in ci gaba da gunaguni a bakin mangaza. Sana'ata cinikin wake ce. Da kaka nakan bi kasuwannin Cadawa da Gazawa da Sabon Mashi in saya tiya-tiya a hannun manoma, in ɗura a buhuna, in ajiye har masu lodi zuwa Dawanau ta Kano su zo mu daidaita. Wannan sana'ar na gada, da ita kuma nake ciyar da mutum goma sha ɗaya.

A watan Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta ba da sanarwar hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Ranar da labarin ya iso ni na riga na zuba kuɗin buhu 140 a hannun masu yi mini awo, kusan rabin kuɗin kuwa bashi ne da na karɓa wurin surukina. Duk ɗan Maraɗi ya san Ɗan Isa, garin bakin iyakarmu da Najeriya, ba ta kai tafiyar sa'a guda ba daga nan, alhali Yamai kaɗai ta haura kilomita 600, balle a yi zancen Wagadugu, inda su ma suke noma nasu waken.

Wake kuma ba gero ba ne da zai shekara a rumbu yana jiran mai shi. Buhunan nan masu leda biyu a ciki da nake da su ba su wadatar ba, don haka sauran kayan na bar su a buhu gama-gari. Wata safiya cikin watan Fabrairu na kwance bakin ɗaya na tura hannu ciki, da na zaro sai ga farin gari ya lulluɓe mini yatsu, ƙwari suna hawa hannun rigata, kowace ƙwaya da huda biyu ko uku. Yarona yana tsaye yana kallo, bai ce uffan ba, ya ɗauko tsintsiya.

Ba ni kaɗai ba ne. A watan Mayun 2025, gab da babbar salla, aka hana fitar da dabbobi, wanda ya yi wata shida yana kiwon rago domin kasuwar waje ya wayi gari da lissafi dabam. Ina biyan patanti, wato harajin sana'a, ina biyan kuɗin kasuwa, ban saci kayan kowa ba. Shin hukuma tana da hurumin ta gaya mini wanda zan sayar wa abin da na saya da kuɗina? Idan tana da shi, a ina yake tsayawa?

Hajiya Mai Abinci, Bagalam:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar maka da abin da ya fi wanda ka rasa. Sai dai ka yi mini haƙuri, domin ni a wancan ɓangaren ma'aunin nake tsaye. Abinci nake sayarwa, kullum safiya sai na auni gero da wake da shinkafa, kuma idan tiya ta ƙaru da dala goma kafin azahar na ji shi a jikina.

A shekarar 2005 ina da goyo. Abin da ba zan manta ba shi ne, hatsi bai ɓace daga kasuwar Maraɗi ba a waccan shekara. Yana nan jibge, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin mutane. Da idona na ga manyan motoci suna lodi suna yin kudu, a daidai lokacin da mata daga ƙauyuka suke shigowa gari da yara kamar tsinke a bayansu, suna neman cibiyar ciyar da yara ta ƙungiyar likitoci ta MSF. Babu ɗan kasuwar da ya karya doka a lokacin, kowa ya sayar ne inda aka fi taya masa, kuma a ganina nan ne matsalar take. Mai naira a Kano da mai tiya guda a Bagalam ba za su taɓa yin gasar taye ba, mai tiya ta riga ta faɗi tun kafin a fara.

Damanar 2024 kuma kowa ya ga yadda ruwa ya rusa gidaje a garin nan da kewaye. Da hukuma ta rage kuɗin siminti a watan Oktoban shekarar, masu sayar da shi sun ji zafi, amma ƙanwata da ɗakinta ya zube ta samu ta tayar da bango. Kai kana kiran wake kayan fita waje, ni kuwa ina ganin sa ƙosai da ɗanwake da garau-garau, abincin wanda ba ya iya sayen nama. Idan shugaba ya zauna yana kallo aka kwashe abincin gari aka ƙetare da shi, mu ne dai za mu fara cewa ba ya kishin talaka.

Tsohon Ma'auni, Maraɗawa:

Ɗana Alhaji da ƴata Hajiya, na karanta ku duka, kuma wannan gardamar ta girme ku. Ina yaro aka kafa SONARA, kamfanin gwamnati na cinikin gyaɗa, a 1962, aka ba ta ikon fitar da gyaɗa ita kaɗai. Hukuma ce take yanka farashi kowace shekara, ita take faɗin ranar buɗe awo, kuma ba kowa ne yake da izinin saye ba. Na yi shekaru ina tsaye a gindin sikeli ina yi wa wani Alhaji aiki, don haka abin da zan faɗa gani na yi.

A shekarar da kuɗin gyaɗa ya fi tsoka a wajenmu, gyaɗar Katsina ce take kwararowa nan cikin dare. A shekarar da nasu ya fi, tamu ce take bin jakuna ta hanyar daji, sikelinmu ya wuni yana shan iska. Ban taɓa ganin shekarar da takarda ta hana kaya bin kuɗi ba. Abin da takarda take yi shi ne ta sake wanda zai ci ribar. Manyan da suke da izini a hannu suka gina benaye, domin mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, ƙaramin da ya ɗauko buhu biyu a jaki kuwa shi ake kamawa a nuna wa jama'a. Bayan an kafa OPVN, hukumar cimaka ta ƙasa, a 1970, sannan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974 cikin tsakiyar fari, an tsananta wa masu cinikin hatsi ƙwarai. Ba zan yi ƙarya ba, rabon abincin da aka yi a zamaninsa ya ceci rayuka, kuma har yau tsofaffi suna yi masa addu'a saboda haka. Amma kasuwar bayan fage ma a lokacin ta yi ƙiba, har aka zo tsakiyar shekarun 1980 aka saki ciniki.

Ku da kanku kun ga irinsa kwanan nan daga wancan ɓangaren. Shugaba Buhari ya rufe iyaka daga watan Agustan 2019 har Disamban 2020 domin ya hana shigar shinkafa. Shinkafa ba ta daina shiga ba, sauka ta yi daga tirela ta hau babur, kuɗin da ake bari a hanya ya ninka, wanda yake ci a Katsina shi ya biya. Da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta rufe mana iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, Najeriya ta yanke mana wuta, duk mun ce zalunci ne a hana talaka cinikinsa saboda rigimar manya. Maganar ba ta zama ƙarya don yau ƙofar daga ciki aka kulle ta.

Hajiya ta yi gaskiya cewa ba a barin gari da yunwa don ɗan kasuwa ya ci riba. Inda nake ganin an ƙetare iyaka shi ne a saukar da doka a tsakiyar kaka, bayan mutum ya riga ya ci bashi ya zuba, ba tare da an ce masa ga ranar da za a sake dubawa ba. Idan ana son wake ya zauna a ƙasa, ai akwai mangazun gwamnati, sai ta fito da kuɗi ta saya a farashin da ba zai karya mai kaya ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya karɓi patanti a hannun Alhaji bai kamata ya bar shi da ƙwari shi kaɗai ba.

Malam na Limanci:

Assalamu alaikum. Tun da an tambayi hurumi, bari in faɗi abin da malamai suka tattauna, domin mas'alar tsohuwa ce. An ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa kaya sun yi tsada a Madina, mutane suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka musu farashi, sai ya ƙi, ya nuna musu cewa Allah ne mai sa tsada da araha, kuma yana fatan ya haɗu da Ubangijinsa babu wanda yake bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Wannan shi ne asali, dukiyar mutum tana da alfarma, kuma ciniki sai da yarda. A gefe guda kuma an tsoratar da mai ɓoye abinci yana jiran ya yi tsada alhali mutane suna cikin buƙata.

Saboda haka ne wasu malaman Malikiyya suka yarda shugaba ya sa hannu idan cutarwa ta bayyana, amma ba su bar abin sakaka ba. Ibn Habib ya bayyana cewa shugaba zai tara manyan ƴan kasuwar, ya kawo wasu amintattu da za su tabbatar da gaskiyarsu, ya tambaye su yadda suke saye da yadda suke sayarwa, sannan ya lallashe su zuwa farashin da zai bar musu riba kuma bai cuci jama'a ba. Ku lura da cewa zama da masu kaya yana gaba da yanke hukunci. Alhaji, kai ne ka san niyyarka. Wanda ya tara kaya da kaka domin ya sayar a hanyarsa ta kullum, abinci kuma yana wadace a gari, hukuncinsa dabam ne da wanda ya rufe mangaza yana sauraron kukan mutane.

Ɗan Kabu-kabu, Sabon Gari:

Iyayena, ina neman izini in ƙara abu guda, domin ni jarina babur ne. A jihar Difa a 2015 aka hana hawa babur saboda Boko Haram, aka kuma tsayar da cinikin kifi da tattasai, waɗanda su ne abincin mutanen yankin. A wasu sassan Tilaberi an hana babur a farkon 2020. Ban musa cewa akwai dalilin tsaro ba, mu ma muna jin abin da ɓarayin daji suke yi a wajen Madarunfa da Gidan Rumji. Amma matashin da aka raba da babur ɗinsa ba a ba shi wata sana'a ba, kullum nakan tambayi kaina ina ake tsammanin zai nufa.

Abu na biyu ya fi damuna. A watan Yunin 2024 an gyara dokar laifukan intanet ta 2019, aka dawo da ɗauri a kan ɓata suna da zagi, bayan da aka sauke shi a 2022. Ba na goyon bayan zagi, tarbiyyarmu ma ba ta yarda da shi ba. Sai dai mutane da yawa ba su san inda ƙorafi ya ƙare aka shiga laifi ba, don haka suka zaɓi yin shiru gaba ɗaya. Malam ya ce a saurari mai kaya, to ta yaya za a saurari wanda yake tsoron buɗe baki? Ni kaina sau uku na karanta wannan rubutu, na goge layi biyu, kafin in aiko shi.

Mai Wake, unguwar Zariya:

Na gode muku duka. Hajiya, ban manta da 2005 ba, a gidanmu ma an yi kwanan da ba a ɗora tukunya ba, kuma da gero aka tsayar kaɗai da ban buɗe baki ba. Allah ya gafarta Malam, ni dai ba a kira ni wani zama ba, a rediyo na ji kamar kowa. Baba, cikin dare an zo mini da tayin a fitar da kayan ta daji a kan babura, buhu bibbiyu, na ƙi, wanda ya yarda kuma na ga ya fita da riba.

Kafin shuka wani manomi na wajen Gazawa, wanda na shekara takwas ina sayen wakensa, ya zo neman kuɗin iri kamar yadda muka saba. Na gaya masa gaskiya cewa bana ba zan iya yi masa alkawarin saye ba, domin ban ji an faɗi ranar da dokar za ta ƙare ba. Ya yi shiru yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce to zai rage waken ya ƙara riɗi. Buhu 110 na sayar a cikin gari ƙasa da yadda na saya, na kai wa surukina abin da ya samu, ya ce in biya sauran bayan kaka. Talatin ɗin da ƙwari suka ci kuwa wani mai kiwo ya taya su a kuɗin dusa, gobe zai turo amalanke.