Turaren wardi a lefe: Delina ko a duba wani?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna haɗa lefen ƙanena, amarya kuma ta ce ita dai a sa mata Delina. Duk sanda na buɗe Instagram sai na ga kwalbar nan mai ruwan hoda da geza a wuya. Ya ci kuɗinsa kuwa?

Antin Gwarinpa: Wa alaikumus salam. Ina da shi. Na Parfums de Marly ne, a 2017 ya fito, Quentin Bisch ne ya haɗa shi. Wardin Turkiyya ne, amma da farko akwai ɗan tsami-tsami irin na 'ya'yan itace, sai ya jima a jiki wardin ke fitowa. Yana kama mayafi sosai. Na fesa ran Juma'a, ran Lahadi na buɗe sif ƙamshin ya tarbe ni. Sai dai fa ya cika gari, biki ɗaya a Maitama sai ki ji shi a jikin mata uku.

Hajiya Babba: 'Yata, tallan ne ya ja amarya, kwalbar tana kyau a hoto. Ni Portrait of a Lady na Frédéric Malle nake sawa, na 2010. Su a jikin kwalbar har sunan wanda ya haɗa suke rubutawa, Dominique Ropion. A tallansu sun ce wardi 400 ke shiga kwalba mai mil 100. Abin da ya riƙe ni shi ne akwai sandal da lubban a ciki, don haka idan na ɗora kaya a kabbasa suka sha turaren wuta, ba sa faɗa da juna. Feshi biyu ya isa, da rana a zafin Abuja ma ɗaya.

Amaryar Kubwa: Hajiya, wannan ai na manya ne, na gwada ya yi mini nauyi. Maman Biyu, don Allah ki kula da jabu. Na taɓa saye a hannun wata mai talla a waya, rabin kuɗi, kwali tsaf har da leda. Kafin in isa Berger daga gida babu komai sai warin sinadari. Har yau abin yana mini ciwo.

Antin Gwarinpa: Ki fara sayen na tsiyaye, mil 5. Amarya ta fesa a wuyan hannu ta wuni da shi, kada ta haɗa da humra ranar.

Hajiya Babba: In kuma akwai mai zuwa Umara, a riƙo mata man wardin Ɗa'ifa ko kwatan tola. Da sassafe ake tsinkar furen, wajen watan Afrilu, kafin rana ta kwashe ƙamshin.

Maman Biyu: Allah ya saka da alheri. Zan kai mata na tsiyayen duka biyu ran Asabar. Hajiya, yayarmu za ta tafi a watan gobe, zan kira ki ki yi mata bayanin yadda ake gane mai kyau.