'Ya'yan zomaye na mutuwa bayan yaye, ina matsalar take?

Sabon Makiyayi:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Mata biyu da namiji ɗaya ne, farare irin New Zealand, don nama. Suna haihuwa lafiya lau, bakwai zuwa takwas. Amma da an yaye 'ya'yan a sati 4, sai zawo da kumburin ciki, kwana biyu a tarar da gawa. Ɗanyar ciyawa da dusa nake ba su. Ina kuskuren yake? Kuma sati nawa ake yanka?

Mai Keji Goma:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka haɗa musu abu biyu lokaci guda: ka raba su da nono da wuri, ka kuma cika musu ciki da ɗanyen ganye. Hanjin ɗan zomo bai gama ƙwari ba a sati 4. Ka bari sai sati 5 ko 6, kuma uwar za ka ɗauke, su ka bar su a kejin da suka saba.

Busasshiyar ciyawa ita ce ginshiƙi, kada ta yanke a keji dare da rana. Ita ke tura abinci cikin hanji, in babu ita ciki ya tsaya, iska ta taru. Dusa zalla ba ta gina nama. Ka nemi abincin zomo mai ƙwaya-ƙwaya, wanda furotin ɗinsa ya kai kashi 16 cikin 100. Ɗanyen ganye kuwa a bar shi ya yi yaushi tukuna, a fara da ɗan tafin hannu, ana ƙarawa a hankali cikin sati guda. Mai raɓa ko wanda ya yi zafi a cikin buhu, zubar da shi ya fi.

Tsohon Hannu:
Duk gaskiya ne, amma kada a ɗora wa abinci laifin duka. In wani ya sake mutuwa, buɗe cikinsa ka duba hanta. Ɗigo-ɗigo fari ko rawaya a jikinta alamar kokisidiyosis ce, wata cuta mai kama hanji da hanta, kuma ta kashi take yaɗuwa. Uwa na ɗauke da ita ba ta nuna komai, 'ya'yan ne ke kwana ciki. Ƙasan keji ya zama raga mai ido kamar santimita 1 a faɗi, 2.5 a tsawo, don kashi ya riƙa zubewa. Kwanon ruwa da na abinci a ɗaga su, a wanke kullum. Magani sai likitan dabbobi, kuma ka tambaye shi kwana nawa za a jira kafin yanka.

Uwar Garke:
Batun yanka, sikeli za ka bi. Irin naka in sun ƙoshi suna kai kilo 2 zuwa 2 da rabi tsakanin sati 10 da 12. Bayan nan ci ya ƙaru, girma ya ja baya, asara ce kawai. Kusan rabin nauyin ne zai zama nama.

A janye abinci awa 12 kafin nan, a bar ruwa. Wuƙa ta yi kaifi sosai, a riƙe shi ba tare da firgita shi ba, yanka ɗaya, a rataye ta ƙafafun baya jini ya tsiyaye. A zagaye fatar ƙafafu da wuƙa, a ja ƙasa, za ta sulɓe kamar safa. Wurin farka ciki ne ake ɓarna: sa yatsu biyu a ƙarƙashin fatar cikin, kaifin wuƙa na kallon waje, don kada a huda hanji ko mafitsara. Matsarmama 'yar ƙarama ce, kore, manne da hanta. A cire ta a hankali, in ta fashe hantar ta yi ɗaci. A ɗauraye da ruwan sanyi, a bar naman kwana guda a firiji, in ba haka ba tauri zai yi.